In Inji Ya Rasa Ƙarfi, A Auna Kafin A Kwance

 Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, ana roron wake. Daga yanzu har bazara ne injunan ƙungiyoyinmu suke shan wahala mafi yawa. Motar ƙungiya za ta yi ta jigilar buhuna zuwa kasuwa, injin niƙa ba shi da hutu, masu fadama da waɗanda suke da fili kusa da madatsar ruwa ta Kazaure kuwa sun soma fito da injunan ban ruwa daga ɗaka. A zagayen da muke yi a ƙasashen Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, akwai kuka guda da muke ji kusan ko'ina, watau "Inji ba ƙarfi." Da safe sai an tura mota kafin ta tashi. In ta ɗauki kaya, ɗan tudu ma sai ya gagare ta. Fetur ba ya daɗewa a tanki, baƙin mai kuma kullum sai an ƙara.

In an kai ta gareji, amsar da aka fi samu ita ce, "Sai an sauke inji." Maganar gajeriya ce, amma tana iya cinye ribar ƙungiya ta shekara guda. Wani lokaci gaskiya ne, babu makawa sai an sauke. Amma sau da yawa abin da ya hana injin ƙarfi ƙaramin abu ne, wanda bakanike zai gama kafin rana ta yi tsaka. Akwai hanyar sanin bambanci tun ba a kwance injin ba, ba ta kuwa da wuya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, injin da yake shan mai fiye da kima ya zama ɓarawo a cikin gida. Saboda haka ya kamata shugaban kowace ƙungiya, da ma'aji, da direba su fahimci wannan al'amari, ko da su ba kanikawa ba ne.

Mene ne matsi?

Wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ya riga ya san rabin maganar. In aka zuba albarushi a ƙasa aka sa masa wuta, sai ya yi fuu, ya ƙone, ba ƙara ba ƙarfi. Amma in an zuba shi cikin bindiga aka danna shi sosai, ɗan kaɗan ya isa ya ka da barewa. Haka inji yake. Ƙarfinsa yana fitowa ne daga matse iska da mai a ƙaramin wuri kafin su kama wuta. Wannan matsewa ita muke kira matsi, kanikawa kuwa sukan ce kwamfireshan.

A cikin inji akwai silinda, watau rami mai santsi kamar bututu, fistin yana hawa da sauka a cikinsa. Yawancin motocinmu suna da silinda 4, injin ban ruwa da na niƙa kuwa guda ɗaya ne. A saman silinda akwai murfi mai nauyi da ake kira kan silinda, ko tof. A jikinsa akwai ƙofofi iri biyu, ana ce da su bawul, ɗaya ta shigar da iska da mai, ɗaya ta fitar da hayaƙi. Fistin yakan sauka ya shaƙo iska da mai. Sa'an nan ƙofofin su rufe, ya hau ya matse abin da ya shaƙo. Fulogi ya ba da wuta, abin ya fashe, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. A ƙarshe fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya gina inji mai wannan tsari na taki huɗu a shekarar 1876, har yau kuwa a kansa ake tafiya.

Injin fetur yakan matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 8 zuwa 10 na girmanta. Injin gas, watau dizal, ya fi haka nesa, yakan kai ɗaya cikin 16 zuwa 22. Shi ba shi da fulogin ba da wuta. Matsin ne yake sa iska ta yi zafi ƙwarai, har in an fesa mata gas ya kama da kansa. Ku toshe bakin famfon keke da yatsa ku danna sau da yawa, za ku ji jikinsa ya yi ɗumi. Abin ke nan. Shi ya sa injin gas da matsinsa ya ragu yakan ƙi tashi sam da sanyin asuba a watan Disamba da Janairu, alhali injin fetur yakan lallaɓa ya tashi.

To, iskar da aka matse tana neman hanyar gudu, kamar ruwa a kwanon da ya tsage. Tana iya bi ta bawul da bai rufe sosai ba. Tana iya bi ta gefen fistin, in zobban ƙarfe da suke kewaye da shi, waɗanda kanikawa ke kira ringi, sun cinye. Tana iya bi ta gaskit, watau shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji. Duk aikinmu shi ne mu gano ta wace ƙofa take fita, gama kuɗin rufe kowace ƙofa dabam ne. Daidaita bawul aikin awa guda ne. Canja gaskit aikin yini ne. Canja zobba da fistin shi ne babban aiki mai cin dukiya.

Kada a yi gaggawa

Rashin ƙarfi ba kullum daga matsi yake ba. Fulogi da ya mutu, matatar iska da ta toshe da ƙura, kafireto mai datti, fetur na bakin hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa, kuloc da ya cinye, ko birki da yake kamawa, kowannensu yakan sa mota ta yi nauyi. A fara duba waɗannan. Baƙin hayaƙi daga salansa yawanci alama ce ta mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, ba ruwan matsi a ciki.

Alamun da suke nuna matsi kuwa su ne hayaƙi shuɗi mai warin baƙin mai, da farin tururi mai kauri wanda ba ya dainawa ko inji ya yi zafi, da ruwan lagireto da yake raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, da baƙin mai da ya koma fari-fari kamar koko. In inji yana aiki aka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, aka ga hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, wannan iska ce take wucewa ta gefen zobba. A saurari sitata kuma. In tana juya inji da murya ɗaya, madalla. In kuwa tana yi tana ɗan zabura a wuri guda, kamar gurgu yana sauri, to, akwai silindar da ba ta riƙe iska.

Duk waɗannan alamu ne kawai. Gani ya kori ji, sai a kawo geji.

Yadda ake aunawa

Gejin matsi ɗan agogo ne mai allura, da tiyo wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan mota a Kano, irin su kasuwar Ƙofar Ruwa, kuɗinsa kuwa bai kai na taya guda ba. A fuskarsa akwai lambobi iri biyu, psi da bar. Bar 1 ya yi daidai da psi 14.5. A zaɓi ɗaya a riƙa rubutawa da shi kullum, domin kada lissafi ya rikice.

A tabbata batir yana da caji sosai, gama batir mai rauni yakan sa a yi wa lafiyayyen inji ƙarya. A tayar da mota ta yi ɗumi kamar minti 10, a kashe. A hure yashin da ya taru kewaye da fulogai kafin a kwance su, don kada ya faɗa cikin silinda. A cire fulogai duka huɗu, a jera su bi da bi yadda za a san na kowace silinda. A cire wayar da take kai wuta ga kwayil. In motar zamani ce marar kafireto, a cire fis na famfon mai. A sa giya a furi, a ja birkin hannu.

Mutum biyu ne suke aikin. Ɗaya ya ɗaura geji a silinda ta farko. Ɗayan ya zauna a mota, ya taka totur har ƙasa, ya murɗa makulli inji ya juya sau 5 ko 6, har allura ta daina hawa. Taka totur ɗin nan ne mutane suka fi mantawa, in kuwa ba a taka ba iska ba za ta shiga sosai ba, lamba za ta fito ƙasa da gaskiya. A rubuta abin da allura ta nuna, a saki iskar geji, a wuce silinda ta biyu. Haka har a gama. Aikin duka bai fi rabin awa ba.

Lafiyayyen injin fetur yakan nuna tsakanin psi 125 zuwa 175, gwargwadon irinsa. Abin da ya gaza 100 ya yi ƙasa. Amma abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne yadda silindojin suka yi kusa da juna. Bambanci tsakanin babba da ƙarama kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Watau in babba ta nuna 150, duk wadda ta gaza 130 akwai magana a kanta.

Bari mu ɗauki misali. A ce an sami 150, 145, 150, 140. Wannan inji lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya ce a sauke shi bai duba da kyau ba. A koma wajen fulogi da kafireto da kuloc.

A ce kuma an sami 150, 90, 150, 145. Silinda ta biyu ce marar lafiya, amma ba mu san ta wace ƙofa ba tukuna. A nan ne ake yin wata dabara wadda muke so kowane direban ƙungiya ya haddace. A zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ko biyu ta ramin fulogi na wannan silinda, a juya inji sau biyu man ya bazu, a sake aunawa. Man yakan toshe ratar da ke tsakanin zobba da bangon silinda na ɗan lokaci. In allura ta yi tsalle daga 90 zuwa 130 ko fiye, zobba ne ko bangon silinda suka cinye. In kuwa ta tsaya a 90 ko 95, mai bai taɓa wurin ciwon ba, gama ciwon yana sama, a bawul ko gaskit. Ma'aji ya yi murna in ya ji haka, domin ba sai an taɓa gindin inji ba.

In biyu da suke maƙwabtaka ne suka faɗi tare, misali 150, 60, 60, 150, kusan kullum gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu, suna ba juna iska. A tambayi direba ko motar ta taɓa tafasa kwanan baya. In ko duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, a tuna yadda abin ya faru. Rashin ƙarfin da ya zo a hankali cikin shekara biyu ko uku tsufa ne, gwajin mai kuma zai tabbatar. Wanda ya zo rana ɗaya kuwa, jiya lafiya yau babu, a duba bel ko sarƙar tayimin, wadda take sa bawul su buɗe a kan lokaci. In ta tsallake haƙori, duk silindoji sukan rasa matsi tare, ko da zobba sababbi ne.

Wasu kanikawa suna da famfon iska irin na masu faci, da tiyon da ake ɗaurawa a ramin fulogi. In an kawo fistin can sama, bawul duka a rufe, aka hura iska, kunne kaɗai ya isa. Tsaki a bakin kafireto, bawul na shiga ne. A salansa, bawul na fita ne. A wurin zuba baƙin mai, zobba ne. Kumfa a lagireto, gaskit ne ko tsaga a kan silinda.

Injin ban ruwa da injin niƙa

A nan akwai tarko. Ƙananan injunan ban ruwa irin Honda GX160, da masu kama da shi da suka cika kasuwa, an yi musu wani ɗan ƙarfe a ciki wanda yake ɗan buɗe bawul sa'ad da ake jan igiya, don jan ya yi sauƙi. Saboda haka geji yakan nuna ƙasa, wajen psi 85 zuwa 120, alhali injin lafiya yake. Kada a kwance shi don wannan. A ja igiya a hankali da hannu. In an ji wurin da ta yi tauri tana ƙin zuwa, akwai matsi. In ta taho salin-alin babu turjiya, musamman bayan inji ya kwana ɗaka tun damina, sau da yawa bawul ne ya maƙale a buɗe saboda tsatsa. A buɗe murfin bawul, a ɗiga masa mai, a motsa shi har ya saki. Shi ya sa in za a ajiye inji, a ja igiya har wurin taurin nan a bar shi a nan, gama a lokacin bawul duka a rufe suke, danshi ba ya shiga.

Injin niƙa mai aiki da gas, irin Lister na Ingila da 'yan'uwansa na Indiya da Sin, yana da ɗan hannu na sakin matsi. A mai da hannun wurin aiki, a juya wilin a hankali. Inji mai lafiya zai turje, har ya komo da wilin baya. In yaro zai iya zagaya shi ba wahala, ko ana jin tsaki, matsi ya tafi. Gejin fetur ba ya auna injin gas, gama matsinsa yakan kai psi 300 zuwa 400 ko fiye, sai geji nasa na musamman. Kuma kada a kuskura a zuba baƙin mai cikin silindar injin gas don gwaji. Man yana iya kamawa da wuta, ko ya cika ɗan wurin da ya rage a saman fistin ya lanƙwasa ƙarfe.

Mun kuma san al'adar da ake yi a wuraren niƙa da sanyin safiya, ta jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska don inji ya tashi. Yakan tashi, amma da bugu mai ƙarfi wanda yake karya zobba, tsumman kuma yana iya kamawa da wuta a ɗakin da ya cika da gari. Injin da ba ya tashi sai da wannan, faɗa yake yi yana bukatar gyara.

A fara da mai araha

Kafin a ɗaga kan silinda, a duba ratar bawul. Mun daɗe muna nanata wannan, za mu kuma sake. Tsakanin bawul da ƙarfen da yake danna shi akwai 'yar rata wadda ba ta fi kaurin takarda biyu ba. An bar ta ne domin ƙarfe yakan miƙe in ya yi zafi. Da daɗewa bawul yakan nutse cikin mazauninsa, ratar ta ƙare, sai ya zamana ba ya rufewa sosai. Matsi ya gudu. Abin da ya fi muni, bawul na fita yana huce zafinsa ne ta wurin zama a mazauninsa. In bai zauna ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ci bakinsa. Gyaran da zai ci awa guda ya koma na kwana biyu.

Direbobi da yawa ba sa son jin ƙarar tik-tik a saman inji, sai su sa bakanike ya ƙara matsewa har ta ɓace. Kuskure ne. Bawul mai 'yar ƙara ya fi mai shiru lafiya. Ana auna ratar da wasu siraran ƙarafa masu lamba, inji kuma a sanyaye. A GX160, milimita 0.15 ne na shiga, 0.20 na fita. A injin Peugeot 504 mai fetur, 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Kowane inji da tasa lambar, tana cikin littafinsa. Wasu motocin, irin Golf 3, bawul nasu da ƙarfin baƙin mai suke daidaita kansu, ba a taɓa su. Waɗanda suka juya injin ban ruwa zuwa iskar girki saboda tsadar fetur su riƙa duba ratar nan akai-akai, gama iskar busasshiya ce, mazaunin bawul yakan fi saurin cinyewa. Bayan an daidaita, a sake sa geji. Injuna da yawa a nan maganarsu take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai a ɗaga kan silinda. A kwantar da shi, a zuba kananzir a hanyoyin shiga da fita, a ga ta wane bawul yake tsatsafowa. Wanda bakinsa ya ɗan yi zane ana wasa shi da garin wasa bawul har ya zauna. Wanda ya ƙone ko ya karkace a canja shi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan silinda a ga ko ta bauɗe. In ratar ta wuce milimita 0.1, sai an kai wurin masu injin goge fuska, in ba haka ba sabon gaskit ba zai yi wata uku ba. Ba a mai da tsohon gaskit. Kusoshin kai kuma ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, da sifana mai ma'auni, ba da ƙarfin tuwo ba. Lalle kuma a nemi abin da ya sa inji ya tafasa tun farko, ko fambel, ko lagireto da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko famfon ruwa. In mota ta tafasa a hanya, a tsaya ta huce. Zuba mata ruwan sanyi nan take shi ne yake bauɗa kan silinda, buɗe murfin lagireto da zafi kuwa ya ƙona fuskar mutane da yawa.

Sai gwajin mai ya nuna zobba ne, sa'an nan a yarda da babban aiki. Ko a nan ma a sa ido. A taɓa bakin silinda daga sama da farce. In akwai gaɓa da farce yake kamawa, bangon ya cinye, sa sababbin zobba kaɗai asarar kuɗi ce. Sai a faɗaɗa silinda a sa fistin mai girma kaɗan, na milimita 0.25 ko 0.50. Ƙungiyoyin da har yanzu suke riƙe da a-kori-kura ta Peugeot 404 ko 504, irin motocin da suka cika hanyoyinmu bayan an buɗe masana'antar Kaduna a 1975, suna da sauƙi a nan. Bututun silindarsu ana zare shi ne a sa sabo, tare da fistin da zobbansa, ba sai an kai jikin inji ko'ina ba. Sai dai in an ɗaga kai, kada a juya injin kafin a danne bututun, gama in suka motsa ruwa zai sami hanya zuwa cikin baƙin mai. Wajen sayen kaya, a tuna araha ba ta ado. Zuba mai mai kauri ko wani ruwan kwalba da ake cewa yana dawo da ƙarfi, rufe hayaƙi ne kawai na 'yan makonni. Masu sayar da tsohuwar mota sun san wannan sarai, don haka duk ƙungiyar da za ta sayi mota ta tafi da geji.

Ƙura

Me ya sa zobba suke saurin cinyewa a wajenmu? Domin ƙona lita ɗaya ta fetur, inji yana shaƙar iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45. Ku tuna irin iskar da take kaɗawa a Babura da Gwiwa daga Nuwamba zuwa Maris. Yawancin ƙurar hunturu daga hamada take tasowa, musamman kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta haɗu da yashin hanyoyinmu. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen zobe tauri. In ta shiga silinda ta gauraya da mai, ta zama dutsen wasa wuƙa, fistin kuwa yana goga ta sau dubbai a minti guda. Abin da ya tsaya tsakanin wannan ƙura da dukiyar ƙungiya shi ne matatar iska kaɗai.

Duk da haka sau nawa muke iske injin ban ruwa a bakin fadama yana aiki baki buɗe, an cire matatar an jefar, wai tana hana shi numfashi? Injin niƙa kuma yana shaƙar garin da yake niƙawa. Matata ta soso a wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata mai a matse. Ta takarda ba a wanke ta, a kakkaɓe, a ɗaga ta a rana, in an ga huji ko ta ƙi haske a canja. Mai kwanon mai a gindi, irin ta tsofaffin injuna, a zubar da laka a sa sabon mai har layin da aka zana. Da hunturu a duba kowane mako, a wurin niƙa kuwa kowace rana. Tiyon da ke tsakanin matata da kafireto in ya tsage, daidai yake da babu matata. Baƙin man injin ban ruwa a canja shi bayan awa 20 na farko in sabo ne, daga nan kowace awa 100, ƙasa da haka in ƙura ta yi yawa. Ɗan abin da yake ci bai wuce lita 0.6 ba.

Abin da ya shafi ƙungiya

Motar ƙungiya kayan amana ce. A cikinta akwai kuɗin gwauruwar da ta sayar da akuya ta biya rabonta, da na zumuntar mata, da na matasa. Mun ga ƙungiyoyin da ba fari ne ya watsa su ba, ba kuwa bashi ba, zargi ne a kan kuɗin gyaran mota. Lambobi huɗu a rubuce sukan kashe irin wannan zargi, gama ma'aji zai iya tsayawa gaban taro ya nuna dalilin kowace naira.

Ba muna cewa kanikawa macuta ba ne. Yawancinsu maƙwabtanmu ne masu neman halaliyarsu, da kunne da hannu suka koyi aiki, da yawa kuma ba su da geji. A je musu da ladabi: "Maigida, don Allah a auna mana tukuna, mu ga abin da ya nuna." Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba, gama shi ma an rage masa aikin lalube. Shawararmu ita ce ƙungiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya su haɗa kuɗi su sayi geji guda da ƙarafan auna rata, a ajiye wurin sakatare. In akwai wani matashi a ekklesiya da ya yi karatun inji a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ya yi koyo a gareji, a ba shi riƙon wannan aiki. Ran gyara mutum biyu su raka mota, a kuma karɓo tsofaffin kayan da aka cire a kawo wa taro.

Injin da aka yi wa sababbin zobba kamar ɗan maraƙi ne da ake koya wa huɗa. Kilomita 1,000 na farko kada a yi masa lodi mai nauyi, kada a ƙure masa gudu, kada kuma a bar shi yana ta aiki a tsaye. Bayan haka a canja baƙin mai da matatarsa. A tsofaffin Peugeot a sake ɗaure kusoshin kai, a sake daidaita bawul. Sa'an nan a sa geji, a rubuta lambobin a littafin mota tare da kwanan wata. A riƙa maimaita awon sau biyu a shekara, kafin jigilar kaka da kafin faɗuwar ruwa, a jera sababbin lambobi ƙarƙashin na da. In wata silinda ta soma sauka, za a gan ta tun tana 130, lokacin da sifana da sukudireba za su iya da ita.